Littafin Direba da Awoyin Tuƙi

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa za su ɗauki shatar babbar mota domin kai masara, doya, albasa ko tumatir kasuwannin kudu. Mukan yi ciniki a kan kuɗin buhu, mu duba taya, mu ƙirga kaya sau biyu. Tambaya guda ce ba mu cika yi ba, watau: yaushe rabon direban nan da barci? Amfanin gonar shekara guda na gida talatin ko arba'in yana bayansa, sau da yawa kuma da 'ya'yanmu biyu zaune a bisa kayan.

A wasu ƙasashe ba a bar wannan tambaya ga bakin direba ba, an mai da ita rubutu. Bari mu ɗauki Amurka, inda aka fara dokar awoyin tuƙi tun shekarun 1930. Bisa ga dokarsu ta yanzu, direban motar kaya ba zai yi tuƙi fiye da awa 11 ba sai ya huta awa 10 a jere. Waɗannan awa 11 kuma dole su faɗa cikin awa 14 daga lokacin da ya kama aiki. In ya yi awa 8 yana tuƙi, sai ya dakata minti 30. A kwana 7 ba zai wuce awa 60 na aiki ba, ko awa 70 a kwana 8. Ƙasashen Tarayyar Turai sun fi tsanantawa: awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa 4 da rabi.

Shaidar wannan duka ita ce littafin direba. Kowace rana da shafinta, an raba shi awa 24, an ja layi huɗu. Layi na fari lokacin da ba ya bakin aiki, na biyu lokacin da yake kwance a gadon da ke bayan kujerarsa, na uku tuƙi, na huɗu kuwa aikin da ba tuƙi ba, kamar lodi, shan mai, duba mota da jiran kaya. Duk sa'ad da ya tashi daga wannan zuwa wancan sai ya ja alama, ya rubuta sunan garin. Jami'in hanya yana da iko ya nemi shafin yau da na kwana 7 da suka wuce, in ya ga an ƙetare iyaka ya tsai da motar a nan har direba ya cika hutunsa.

To, amma takarda ba ta gardama da alƙalami. Da yake yawancin direbobin nesa a can bisa yawan mil ake biyansu, awar hutu awar asara ce a gare su. Wasu suka riƙa ajiye littafi biyu, ɗaya na jami'i, ɗaya na gaskiya, har direbobin da kansu suka sa masa suna littafin ban dariya. Domin wannan, daga Disamba 2017 aka tilasta wa yawancin manyan motoci sa wata na'ura da ke haɗe da inji, wadda take rubuta lokacin tuƙi da kanta da zarar mota ta motsa.

Ko na'urar ma ba ta ganin kome da kome. A watan Yuni 2014, a jihar New Jersey, wata tirela ta afka wa wata ƙaramar bas, mutum ɗaya ya mutu, wasu suka ji rauni ƙwarai. Masu bincike suka tarar awoyin aikin direban ba su kai 14 ba tukuna, amma kafin ya kama aiki ya tuƙo motarsa ta kansa wajen mil 800 daga gida. Ya fi awa 28 idonsa biyu. Shafinsa bai nuna wannan ba, gama ba a cikin motar kamfani ya yi wancan tuƙin ba.

Me ya sa ake wannan ƙididdiga haka? Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun ragu daidai da na wanda ya sha barasa har ta kai iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. Gyangyaɗi kuwa ba ya sallama. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In ido ya rufe daƙiƙa 4 kawai, ta yi kusan tsawon filin ƙwallo ba mai riƙe da ita. Goro da shayi mai kauri suna jinkirta barcin ne, ba su biya shi. Ƙwayoyin da ake sayarwa a tasha kuwa ƙara ɓarna suke yi, gama suna sa mutum ya ji kamar garau yake alhali jikinsa ya gama.

Yanzu mu dawo gida. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne. Mota mai cikakken lodi, da ramuka da shingayen hanya, in ta sami kilomita 50 a awa ta yi ƙoƙari. Awa 20 ke nan a kan sitiyari. Da ma'aunin Amurka wannan aikin kwana biyu ne, da cikakken barci a tsakani. Mu kuwa sai mu ce wa direba lalle tumatir ya iso Mile 12 kafin gari ya waye, mu yi masa alkawarin wani abu in ya riga sauran motoci.

A ganinmu, layi na huɗun nan shi ya fi shafar manomi. An ce mota ta zo ƙarfe 8 na safe, ta zo. Buhuna ba su taru ba, wani yana gona, wani bai gama ɗinki ba, ma'aji ya tafi kasuwa. Direba yana tsaye cikin rana yana gardama da 'yan dako har la'asar. Ƙarfe 5 aka ɗaure tamfol. Mu muna ganin yanzu tafiya ta fara, amma awa 9 na ƙarfinsa sun riga sun ƙare a ƙofar rumbunmu, dare kuma yana gabansa. In ya yi gyangyaɗi bayan Jebba, za a ce direba ne ya yi ganganci.

Ƙungiyar da ke da motar kanta ba ta bukatar na'ura kafin ta fara. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Sakatare ya ja layukan nan huɗu, ya ƙara wuri a sama inda direba zai rubuta lokacin da ya kwanta jiya da lokacin da ya tashi. A cika shi nan take a kowane zango, kada a bari sai an dawo a zauna a tsara shi da ka. In direba bai iya rubutu ba, yaron mota ko wakilin ƙungiya da ke rakiyar kaya ya rubuta. Kwamiti ya gwada shi da rasit ɗin gidan mai da takardar ɗan kamasho, gama su ma suna ɗauke da rana da wuri.

Abu ɗaya zai kashe littafin, shi ne a hukunta direba domin ya rubuta ya tsaya ya yi barci. Ranar da aka zaftare masa kuɗi saboda haka, daga ranar sai ya riƙa rubuta abin da kwamiti ke so ya gani. In kaya masu ruɓewa ne da ba za su jure kwana a hanya ba, a sa direba biyu, a raba kuɗin na biyun a kan kwanduna tun wajen ciniki. In kuwa shata ce, a tara kaya a auna tun daren jiya, a kuma tambayi mai mota daga ina motar ta fito da ranar da ta sauke lodinta na baya.