Yadda ake bin sawun kakan da ya tafi Gabas ta hanyar tsofaffin takardu

A gidaje da dama na Sakkwato, Kano, Katsina, Bauchi da Borno, akwai wani kaka da ba a ambatar sunansa sai an ƙara da cewa ya tafi Gabas bai dawo ba. Wasu ayarin hijira suka bi bayan zuwan Turawa, wasu kuma niyyar aikin Hajji ce ta fitar da su a ƙafa, tafiyar ta ƙare a Sudan ko a Hijaz. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023 ya raba miliyoyin mutane da muhallinsu, har da jikokin waɗannan matafiya, abin da ya sa neman hujjar asali ya zama buƙatar gaggawa ga iyalai a ɓangarorin biyu.

Ana iya gano irin wannan kaka a tsofaffin takardu, amma takarda ba ta amsa tambaya sai an zo mata da abubuwa uku: suna, gari da lokaci. Dukkan ukun kuwa a gida ake fara samo su.

Su wane ne suka tafi

Bayan da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da dubban mabiya. An kashe shi a yaƙin Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yulin wannan shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya tare da waɗanda suka tsira, har suka zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau.

Rukuni na biyu su ne maniyyata. Hanyarsu takan bi ta Maiduguri, ta Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, ta Abeshe, sannan ta shiga Darfur da Kurdufan har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake tsallakawa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin matafiyi yakan yada zango ya yi ƙwadago ya tara guzuri. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, da yawa sun sami aiki a can, sun yi aure, zango ya zama gida. A Sudan ana kiran su Fallata ko Takari.

Sanin rukunin da kaka ya faɗa ciki shi ne ke nuna irin takardun da za a nema.

Abin da ake tarawa a gida

Matakin farko shi ne zama da dattawan gida, musamman tsofaffin mata, waɗanda galibi su ke riƙe da sanin wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Ana ɗaukar muryarsu, a rubuta sunan kakan, da na mahaifinsa, da unguwarsu, da sana'arsa, da malamin da ya yi karatu a wurinsa, da waɗanda suka fita tare.

Dattawa ba su cika faɗin shekara da lamba ba, sai dai su danganta ta da wani abin da ya faru. Wannan ya isa. Idan aka ce ya fita shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911 ke nan. Yunwar Kakalaba ta faɗo tsakanin 1913 da 1914, annobar marisuwa kuma a 1918. Wanda ya tafi a zamanin Sarkin Kano Abbas ya tafi ne tsakanin 1903 da 1919, na zamanin Sarki Usman kuwa tsakanin 1919 da 1926.

Sai a buɗe adaka da gafaka. Malamai kan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a gefen littafi, alhazan da suka dawo kuma kan kawo wasiƙun Larabci ko na ajami daga waɗanda suka rage a can. Irin waɗannan rubuce-rubuce na ɗauke da shekarar Hijira, don haka sai an juya ta: yaƙin Burmi, alal misali, ya faɗo ne a 1321.

Tarkon suna

Babu inda masu bincike suka fi yin tuntuɓe kamar wurin suna. Bahaushen wancan zamani ba shi da sunan iyali da ake gada. Yana da sunan yanka, da laƙabi, da wanda ake sakaya shi da shi saboda alkunya, kuma sau da yawa laƙabin kaɗai jikoki suka sani. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji, shi ya sa Muhammadu ɗaya zai iya fitowa a matsayin Mamman, Momodu ko Mahomet. A ƙasar Larabawa kuma sai a ƙara masa nasaba: Alkanawi, Albarnawi ko Alhausawi. Har yau akwai iyalai a Saudiyya masu amsa sunan Hausawi, Barnawi da Fallata. Saboda haka ana jera duk siffofin da sunan zai iya ɗauka kafin a tunkari ma'ajiya.

Inda takardun suke

An kafa Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Ibadan a 1954 ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Kenneth Dike, reshenta na Kaduna kuma shi ke riƙe da takardun lardunan Arewa. Fayil-fayil ɗin an kasa su ne bisa ofishin da ya tara su: SNP na Sakataren Lardunan Arewa ne, Kanoprof na Lardin Kano, Sokprof na Sakkwato, Maiprof na Borno. Ba a jera su da sunayen mutane ba, shi ya sa sanin gunduma da shekara ya zama wajibi.

Abin da ake dubawa ya haɗa da rahotannin kimanta haraji na gundumomi, waɗanda kan bayyana ƙauyukan da jama'a suka ƙaurace wa, da wasiƙun razdan kan maniyyata da waɗanda aka maido gida, da kundin kotunan alƙalai. Shari'ar gado ta fi kowace amfani, domin a cikinta ake lissafa magada ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ya gari. Takardar haihuwa kuwa ba abin sa rai ba ce, tunda dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin ƙasa ta 1992 ce.

Akwai kuma Gidan Arewa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, inda ake samun rubuce-rubucen Larabci da na ajami. A waje, babbar ma'ajiyar Sudan tana Khartum, birnin da yaƙi ya ɗaiɗaita. Jami'ar Durham da ke Ingila tana da ma'ajiyar takardun Sudan tun 1957, yayin da wasiƙun Ofishin Mulkin Mallaka ke Kew a Landan.

Auna hujja

Dacewar suna kaɗai ba hujja ba ce, domin Abubakar ɗan Usman na Kano ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar ita ce a sami shaidu biyu da ba su dogara da juna ba, su haɗu kan sunan uba, gari da zamani. Mafi ƙarfi shi ne a ji zuriyar can, ba tare da an ɗora musu magana a baki ba, sun ambaci unguwa ko sunan ɗan'uwan da aka bari a gida. A zangunan Hausawa na Sudan, limamai da masu unguwanni ne kan san asalin kowane gida.

Wannan tsantseni yana da dalili. A fiƙihun Malikiyya, ba a raba dukiyar wanda ya ɓace sai an tabbatar da mutuwarsa ko an kai shekarun da irinsa ba ya wucewa, kuma 'ya'yan da ya haifa a wata ƙasa magada ne. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kuma tanadi cewa wanda aka haifa a wajen Najeriya ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Kuskure wajen haɗa nasaba na iya tauye haƙƙin wani ko ya bai wa wanda bai cancanta ba.

Takardun da ke ma'ajiya za su iya jira wani lokaci. Dattawan da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka yi wa matafiyin rakiya su ne ke ƙarewa, don haka da su ya kamata a fara.