Babur ya tafi, sunanka yana nan a kartagiris

A Birtaniya, direban da ya tashi daga gida bai sanar da hukumar lasisin tuƙi ta DVLA ba, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Faransa ba ta matsa wa kowa kan adireshin lasisin tuƙi ba, amma na kartagiris, wato takardar rajistar abin hawa, wata ɗaya take bayarwa a gyara, in ya wuce tarar yuro 135 ta hau kai. Manufar dai ɗaya ce: in abin hawa ya yi ɓarna, hukuma ta san ƙofar da za ta yi wa sallama.

Mutumin Madarumfa zai ce wannan dokar masu lambar gida ce, shi ko daga Gabi ya koma Safo, mai gari ya san inda yake kwana. Gaskiyarsa, sai dai namu ciwon a suna yake. Babur ɗaya kan bi hannu uku ko huɗu tsakanin Maraɗi, Jiratawa da Ɗan Isa. A yi "Allah ya sa albarka" gaban dillali, a miƙa makulli da kartagiris cikin leda, duk ta yi laushi don ninki, alhali sunan mai shi na farko ne a kai. Ranar da ɗan kabu-kabu ya buge yaro ya tsere, ko aka tsinci babur yashe a dajin Baban Rafi, a yankin da ƴan bindiga suka sa ake yi wa kowane babur kallon tuhuma, lamba jandarma za su bi, lambar kuma ta kai su gidan wanda ya sayar tuntuni. Zai iya wanke kansa, amma sai ya nemo shaidu, wataƙila dillalin ma ya ƙetara Jibiya. Mai saye ma bai tsira ba, domin in aka sace babur ɗin aka gano shi, da wace takarda zai ce nasa ne?

Ana kukan kuɗin sauya suna da zaryar Maraɗi, kuma kukan yana kan hanya. Ya kamata hukuma ta riƙa kawo aikin garuruwa a ranakun kasuwa. Amma kuɗin a lissafa shi cikin ciniki tun farko, biyansa ya fi kwana a hannun jandarma sauƙi. Mai sayarwa, kada makulli ya bar hannunka sai an rubuta takardar ciniki, da kwanan wata da sa hannun shaidu, ka kuma ajiye kwafinka.