Kada a Sake Tara Mayunwata a Bakin Ƙofa Ɗaya

A watan Fabrairun 2024 hukumar kwastan ta sa buhun shinkafa mai kilo 25 a kan naira dubu goma a Yaba, cikin Legas. Mutum bakwai suka mutu a layi. Ranar 22 ga Maris ɗalibai mata biyu suka rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wajen rububin shinkafar da gwamnatin jiha ta kawo. Bayan kwana biyu, ana tsakiyar azumi, mata suka yi dafifi wurin rabon zakka a Bauchi, a nan ma aka kwashi gawarwaki. Da Disamba ta zo sai abin ya wuce misali: yara 35 a Ibadan ranar 18 ga wata, sannan ranar 21 mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, da mutum 10 a harabar wata coci a Maitama, Abuja. Rayuka 67 cikin kwana huɗu, ba yaƙi ba, ba annoba ba.

Na kawo wannan lissafi ne domin abin da ya kashe su yana nan bai je ko'ina ba, kuma lokacin da ya fi yawaita shi ne muke shiga. Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato, rabo kan ninka. Mai neman kansila zai raba taliya, mai neman majalisa zai raba atamfa da sabulu, gwamna zai jera tireloli a filin wasa a kira 'yan jarida. Kowa so yake a ga taronsa ya fi na abokin hamayya cika. Ga mai rabo, cikar fili ita ce riba. Ga matar da ke tsakiyar filin, cikar nan ita ce ajali.

Na taɓa tsayawa a bakin wata sakatariya ranar rabon tallafi. Tun kafin kiran assalatu mata suka fara zama a ƙasa, wasu da goyo. Ƙofar ƙarfe ɗaya ce, a kulle, sai ƙaramar da ke jikinta wadda mutum ɗaya ke iya bi. Wata tsohuwa ta jingina da katanga tana riƙe da katin zaɓenta a cikin leda. Na ce, "Inna, ki dawo baya, wurin nan ya matse." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, in na koma baya me zan kai wa marayun da na baro?" Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani ya yi ihu cewa kaya sun kusa ƙarewa. Abin da na gani bayan haka ba zan manta ba: takalma warwatse, mayafai a ƙasa, da wata yarinya da aka ɗago sama hannu zuwa hannu kamar ƙullin kaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba ranar, amma ba don an yi wani tsari ba ne.

Mutane da yawa sun ɗauka sai an faɗi an tattake mutum yake mutuwa a turmutsitsi. A tsaye ma ana mutuwa. Na baya suna turowa ba su san halin da na gaba ke ciki ba, ƙirji ya matsu har numfashi ya gagara, mutum ya suma a tsaye don babu ko wurin faɗuwa. Shi ya sa yara, tsofaffi da masu ciki ne kan fara tafiya.

Mai cewa kwaɗayi ne ya kai su bai san yunwa ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ba ta kai naira ɗari biyu ba ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Aka saki naira ta faɗi, kuɗin mota da na masara da na magani suka bi sahu. An ce mana kuɗin da aka daina zubawa a mai za su dawo wa talaka, kuma gaskiya ne kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. A Agustan 2023 ma an sanar da naira biliyan biyar ga kowace jiha don rage raɗaɗi. To, ta wace hanya kuɗin suka dawo? A wurare da dama, a ƙaramin buhu mai hoton gwamna. Kwano biyu na shinkafa ba ya kai mako a gidan mutum takwas, amma asibitin gari da babu magani zai ci gaba da zama babu magani har shekara ta zagayo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton nan da ake ɗauka: a ɗora wa dattijuwa buhu a ka, a tsaya kusa da ita ana murmushi, a watsa a Facebook. Kuɗinta ne fa aka ba ta, ba sadaka ba.

Saboda haka ina kira ga masu gida. Kada ku bar matanku da 'ya'yanku su je rabon da aka yi shelarsa a rediyo ko aka ce "duk wanda ya riga zuwa". Kada a je da goyo. In kun isa kuka ga ƙofa ɗaya ce kuma a rufe, ku juya tun ana iya juyawa.

Masu rabo kuwa, gwamnati ce ko attajiri mai fitar da zakka, hanyar da ba ta kisa a bayyane take. Kowace unguwa tana da mai unguwa da limami da suka san gidan marayu da gidan da ba a ɗora tukunya. A rubuta sunaye, a ba da kati, a rarraba kwanaki da wurare, a kai kayan unguwanni. Wanda ke da asusun banki a tura masa. Wanda ya ƙi bin wannan ya tara dubbai a bayan ƙofa ɗaya har aka rasa rai, a gurfanar da shi a kotu ko wane ne shi, kada a tsaya a ta'aziyya da cewa ƙaddara ce.

Limamai su faɗi wannan a huɗubar Juma'a tun kafin tirelolin su fara shigowa. Kuma duk ɗan takarar da ya zo unguwa da buhu, a zaunar da shi a zaure a tambaye shi nawa ƙaramar hukumarmu ta karɓa a watan jiya, kuma me aka yi da su. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, don haka akwai wanda ya wajaba ya amsa.