Tseren Hawan Dutsen Obudu: Darasi Ga Masu Zuba Jari

A shekarar 2005 ne gwamnatin Jihar Kuros Riba, a ƙarƙashin Gwamna Donald Duke, ta ƙaddamar da gasar tseren hawan dutse ta Obudu. 'Yan tsere kan yi gudun kimanin kilomita 11, suna haurawa sama da kusan mita 800, har zuwa kan tsaunin, inda gandun dajin Becheve da magangarar ruwa suke. Zakaran gasar kan karɓi dalar Amurka 50,000, ladar da ta jawo gwanaye daga Kenya da Habasha.

Sai dai gasar ta jingina ne galibi da aljihun gwamnati, kuma daga bisani ta tsaya.

A garin Chamonix na Faransa kuwa, tsarin daban ne. Gasar UTMB da aka fara a 2003, mai zagaya tsaunin Mont Blanc a tafiyar kimanin kilomita 170, tana tara dubban mutane. Ɗan tsere ne ke biyan kuɗin shiga, ya kama masauki, ya sayi abinci, kamfanonin kayan wasanni kuma su ɗauki nauyi.

Ke nan ribar tana wajen baƙon da ke zuwa da guzurinsa. Jarin da ake bukata shi ne share hanyoyin daji, horar da 'yan jagora daga ƙauyukan yankin, da samar da masauki da motocin haya. Wajibi ne kuma a kare dajin, domin idan aka sare itatuwa ruwa ya ƙafe, hajar ta ƙare.