Me Ya Sa Zuciyar Mai Wankin Ƙoda Ke Rikicewa?

Idan mai wankin ƙoda ya rasu, 'yan'uwa kan ce ƙodar ce ta kai shi. Sau da yawa kuwa zuciya ce. Alƙaluman da ake tattarawa duk shekara a Amurka sun daɗe suna nuna cewa aƙalla ɗaya cikin huɗu na mace-macen masu wankin ƙoda daga rikicewar bugun zuciya ko tsayawarta farat ɗaya yake zuwa.

Da lantarki zuciya take aiki. Kowane bugu yana farawa da ɗan tartsatsi daga samanta ta ɓangaren dama, ya ratsa tsokarta, ta matse ta turo jini. A hutu, zuciyar babba kan buga sau 60 zuwa 100 a minti. Wannan tartsatsi ya dogara da wasu sinadarai na cikin jini, musamman fotashiyam da kalsiyam da magnisiyam, kuma ƙoda mai lafiya ce ke daidaita su dare da rana. Na'urar wanki kuwa, ko ga wanda ke samun cikakken wanki, awa huɗu take yi sau uku a mako. Awa 12 ke nan cikin 168.

A nan matsalar take. Tsakanin wanki da wanki fotashiyam yana taruwa. Ma'auninsa a jini ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5. In ya haura 6 an shiga haɗari, kuma yana iya kai wa nan mutum bai ji komai ba. Ruwa ma yana taruwa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi nauyi. Ranar wanki sai a kwashe duk wannan cikin 'yan awanni: fotashiyam ya faɗo da sauri, a zuƙe lita uku ko huɗu na ruwa, awon jini ya sauka, zuciya ta hau gudu don ta cike giɓin. Zuciyar da ake yi wa haka kuwa ba sabuwa ba ce, yawanci hawan jini ko ciwon suga ya riga ya kaurara tsokarta, ga ƙarancin jini da ke sa ta aikin mutum biyu.

A 2011 wasu masu bincike a Amurka, Robert Foley da abokan aikinsa, suka duba bayanan majinyata fiye da 32,000 masu wanki sau uku a mako. Suka gano cewa mutuwa da kwanciya asibiti saboda zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan dogon hutun ƙarshen mako, wato Litinin ko Talata. Ƙarin kwana ɗaya tak a kan tazarar da aka saba ya haifar da wannan bambanci. To, ina ga majinyacinmu da ke zuwa sau ɗaya a mako, ko sai ranar da dangi suka haɗa kuɗi, wani ma daga Gashuwa ko Haɗeja zai taso? A ganina duk tallafin da bai kai ga a riƙa wanki a kan kari ba, rabin taimako ne, domin wankin da aka jinkirta shi ne ya fi zuwa da gaggawa.

Ba gudun zuciya kaɗai ne abin tsoro ba. A wani bincike da aka wallafa a 2018, an dasa wa majinyata 66 a Amurka da Indiya ƙaramar na'ura ƙarƙashin fata, ta yi wata shida tana naɗar bugunsu. Cikin rikicewar da ke da haɗari, wadda aka fi gani ita ce zuciya ta yi sanyi ƙwarai ko ta ɗan dakata, musamman gab da ƙarshen dogon hutun. An kuma ga karkarwar saman zuciya da yawa a lokacin wanki da bayansa. Ita wannan karkarwa tana sa bugu ya zo ba tsari, kuma jini na iya daskarewa a ciki ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ke hannun majinyaci da masu jinyarsa ya fi yawa a kicin. Dabino, ayaba, lemu, tumatir, dankali, doya, alayyafo da zogale duk suna da fotashiyam mai yawa. Dabinon buɗa-baki da mai lafiya zai ci bakwai hankali kwance, ga mai wanki sai da lissafi. Ruwan toka da ake sa wa miya cike yake da fotashiyam, haka ma gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini a madadin na gargajiya. Yayyanka doya ko dankali ƙanana, a tafasa da ruwa mai yawa a zubar da ruwan, yana rage wani kaso. Jiƙe-jiƙen sassaƙe da ganyaye kam a bar su, don babu mai awon abin da ke cikinsu. Haka sayen magani a kemis ba da sanin likita ba: kwinin da kulorokwin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su azithromycin da ciprofloxacin suna taɓa lantarkin zuciya, wasu magungunan kuma irin su digoxin taruwa suke a jikin da ƙodarsa ba ta tacewa.

Yana da kyau mutum ya koyi jin bugunsa a wuyan hannu, hannun da ba a haɗa wa jijiya don wanki ba, ya ƙirga na minti guda. Faɗuwar gaba a kan na'ura, jiri, gumi ko duhun gani, a gaya wa nas nan take. Tana iya rage saurin zuƙar ruwa, a yi awon ECG, a duba jini. Zazzaɓi da gudun zuciya ga mai bututun wanki a wuya ko cinya na iya nufin ƙwayoyin cuta sun shiga jini, kada a yanke cewa maleriya ce. A kuma daina roƙon a cire mutum daga na'ura kafin lokacin wankinsa ya cika.

Idan a gida ne aka ga suma, ciwon ƙirji, mutuwar ƙafafu kwatsam, ko bugu ya sauka ƙasa da 50 ko ya wuce 120 ana zaune, kada a jira ranar wanki. A asibiti za a iya yin allurar kalsiyam ta kare zuciya, a sa insulin da gulukos su tura fotashiyam cikin tsoka. Amma awanni kaɗan waɗannan ke riƙewa, fotashiyam ɗin yana nan a jiki. Saboda haka tun a hanya a kira sashen wanki a nemi gurbin gaggawa.