Me ya sa ake ta musu kan Osimhen?

A gidajen kallon ƙwallo na Anka, Gummi da Bukkuyum, da wuya a tashi wasa ba a taɓo sunan Victor Osimhen ba. Musun ya rabu gida biyu: yadda ya kamata a buga da shi, da kuma inda ya dace ya taka leda.

Tushen maganar yana Napoli. A kakar 2022/23 ya zura ƙwallo 26 a gasar lig ta Italiya, ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar karon farko tun 1990. Amma a 2024 dangantaka ta yi tsami. Sabon koci Antonio Conte ya kawo Romelu Lukaku, cinikin Osimhen da Chelsea da Al-Ahli ya rushe, sai Osimhen ya tafi Galatasaray ta Turkiyya aro. A 2025 ta saye shi kan Yuro miliyan 75.

Wasu na ganin ɗan wasa irinsa ya fi ƙarfin gasar Turkiyya, Ingila ce gidansa. A ganina, ƙungiyar da ta gina wasanta a kansa ta fi masa alheri.

Batun dabara kuwa shi ne mai daɗi. Osimhen ba mai jiran ƙwallo a ƙafa ba ne. Yana tsayawa a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, ya fizge da gudu, ko ya tashi sama ya sa kai. Idan aka bar shi shi kaɗai a gaba, dole 'yan gefe su riƙa jefo masa ƙwallo da wuri, in ba haka ba ya ƙare wasan yana gudun banza.