Ɗaki mai kyau ba sai da bashi ba

Duk wadda ta taɓa aurar da ɗiya ta san yadda maganar jere ke hana uwa barci. Ranar buki mata za su shigo ɗakin amarya, su dubi gado, su dubi labule, su ƙirga kwanoni da ido, su fita da labari. Tsoron wannan labarin ne ke sa wasu cikinmu ɗaukar bashin da za a shekara ana biya.

Jere ba sabon abu ba ne. Kakanninmu ƙore suka jera, masu zane, an rufe da faifai. Daga baya tasoshi suka shigo, sai kwalla da langa da samira, sai tangaran da kabad mai gilashi. Amma mu tuna, a wurinsu jere ajiya ce. In shekara ta yi tsanani, mace kan sauke kwalla biyu ta sayar, ta sayi hatsi. Furen roba da labule bakwai na yau, wa zai saye su hannunki ranar da kika matsu?

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da asusu ya koya mana shi ne kuɗi su je su dawo da ƙari. Mu yi lissafi. In ƙungiyarku na ɗora kashi 10 cikin 100 a wata, kika ɗauki jika 50, to kowane wata jika 5 na hawa kanki. Wata uku, kin biya jika 65. Mai ƙosai ko ƙuli-ƙuli daga ribarta take fidda wannan ƙarin. Kabad kuwa yana tsaye, ba ya haihuwa. Don haka rance na sana'a ne. Kayan ɗaki a jira ranar rabo, ko a riƙa saye ɗai-ɗai tun ɗiya na ƙarama.

To, yaya za a gyara ɗaki da abin da ke hannu?

A fara da bango da ƙasa. Bayan damina, in bango ya bushe, a liƙe tsaga, a shafa farar ƙasa. Farin bango na maido haske, ƙaramin ɗaki sai ya yi kamar an ƙara masa faɗi. Inda babu siminti, daɓe mai kyau da aka zuba wa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, yana ƙarfi, yana rage ƙura. Wadda ta taɓa zagaya unguwar Birni a Damagaram ta ga zanen da magina ke fiddawa a fuskar gidaje. Layi guda na irin wannan zane kewaye da ƙofa ya isa ado.

Sai kayan gida. Tabarmar kaba ta Madawa mai launi, a shimfiɗa ɗaya, a kafa ɗaya a bango bayan gado. Faifai uku ko biyar masu rini, a rataye su kusa da juna, babba a tsakiya. Randar Miriya a kusurwa, bisa ɗan yashi mai dausayi, ado ce kuma ruwa na sanyi. Wani daɗin, kuɗin na komawa hannun mata irinmu masu saƙa da ginin tukwane, wataƙila ma ƴar ƙungiyarku ce.

A rage tarkace. Ki zaɓi launi biyu, labule da zanen gado su yi magana ɗaya. Kwanonin da ba a amfani da su kullum, a jera manya ƙasa, ƙanana sama, sauran a ajiye. Lokacin hunturu kowa ta sani, yawan kaya yawan shara ne.

Kada ado ya ci lafiya. Kar a toshe taga da kabad, don ɗaki na son iska, balle a watannin bazara. A bar wurin ɗaura gidan sauro, shi ne farkon kayan ɗakin mai ciki da mai goyo. A janye akwati da katako daga jikin bango, a ɗora su bisa duwatsu saboda gara. Kaskon turaren wuta kuma a nisanta shi da labule da katifa, a fitar da shi kafin a kwanta.

Shawara ta ƙarshe, mu kai maganar nan wurin taron mako. Uwa ɗaya ba ta iya rage jere ita kaɗai, za a ce ta gaza. Amma in mata talatin suka yarda a kan iyaka, suka ce abin da ya ragu a sai wa amarya akuya ko keken ɗinki, ba mai bakin gori, tunda masu zuwa ganin ɗakin mu ne.

Allah ya sa albarka a asusunmu, ya zaunar da ɗiyanmu lafiya a ɗakunansu.